Wasiƙun Ellen Terry da Bernard Shaw: So Ne ko Zawarcin 'Yar Wasa?

Malamin Adabi: Jama'a, ga abin tattaunawa. Na gama karanta wasiƙun da Ellen Terry, fitacciyar 'yar wasan daɓe ta Ingila a zamanin Sarauniya Victoria, suka riƙa aika wa juna ita da George Bernard Shaw, waɗanda aka buga a 1931. Ana cewa soyayya ce a kan takarda. Ni ban yarda ba. Shaw marubuci ne mai neman wanda zai fito masa da wasanninsa, ita kuwa tauraruwar gidan wasan Lyceum ce a Landan, ƙarƙashin Henry Irving, ɗan wasa kuma shugaban gidan, tun 1878. So yake ya raba ta da Irving, daɗin bakin nan duk ƙugiya ce.

Anti Mai Karatu: Haba Malam, ka yi saurin yanke hukunci. Duba yadda abin ya faro a 1892: neman ra'ayi ta yi a kan wata yarinya mawaƙiya, shi kuma lokacin sharhin kiɗa yake yi a jarida, ya amsa. Ba shi da sunan da zai yi zawarcin kowa da shi a lokacin. Sannan mai farauta ai kusantar nama yake yi. Waɗannan shekaru suka kwashe suna rubutu a gari ɗaya, suna ƙin haɗuwa da gangan, sai a 1900 suka yi ido huɗu.

Malamin Adabi: Anti, mafarin na yarda. Amma tsakiyar fa? A 1895 ya rubuta The Man of Destiny da niyyar ita ta fito a ciki, wasan kuma ya shiga hannun Irving. A lokacin kuma shi ne mai sharhin wasanni a Saturday Review, yana caccakar Irving a kan yadda yake daddatse wasannin Shakespeare. A fili yana dukan ubangidanta na aiki, a ɓoye yana yi mata zaƙin baki. Me za a kira wannan?

Ɗan Daɓe: Malam, ka ba ni dama, ni da nake hawa dandali. Akwai abin da ku masu karatu ba ku cika lura da shi ba. A 1896, da take shirin fitowa a matsayin Imogen a Cymbeline na Shakespeare, wasiƙunsu sun koma aiki zalla: wane layi za a yanke, ina za ta sassauta murya, me ya kamata ta ji a ranta idan ta farka ta ga gawa ba kai a gefenta. Shi ya kawo shawara, ita ta karɓi wata, ta mayar masa da wata da hujja, domin ta fi shi sanin dandali nesa ba kusa ba. Wallahi duk ɗan wasan da ya sami mai kula da aikinsa haka, zai so shi. A wajenmu, wanda ya damu da yadda za ka furta layi ɗaya ya damu da kai ne. Don haka raba so da sana'a da kake yi, ni ban ga inda za ka sa wuƙar ba.

Auta: Yaya, tambaya. To ƙugiyar ta kama? Ta bar Irving saboda shi?

Ɗan Daɓe: Ba ta kama ba, Auta. Irving ya riƙe The Man of Destiny ya yi ta jan ƙafa, ya sake shi a 1897, bayan sharhin Shaw a kan fitowar Irving a wasan Richard III ya ɓata masa rai. Shaw ya rubuta mata wani wasan, Captain Brassbound's Conversion, a 1899, da farko ta ce bai dace da ita ba. Sai a 1906 ta fito a ciki, Irving ya riga ya rasu a 1905.

Anti Mai Karatu: Ka ji ko, Malam? Ya nema bai samu ba, kuma bai daina rubutu ba. Har ya auri Charlotte Payne-Townshend a 1898 wasiƙu na ci gaba. Abin da ke ba ni haushi shi ne a riƙa kallon Terry kamar wata da ake ruɗa. Mace ce da ta hau dandali tun tana yarinya ƙarama, ta san maza, ta san marubuta. Ita ma tana da abin da take samu. Irving mutum ne da aiki ya cinye, hatta wasiƙunsa yawanci Bram Stoker, manajansa, ke rubutawa da sunansa. A wajen Shaw ta sami wanda zai zauna da hannunsa ya cika mata shafuka.

Malamin Adabi: Wannan na Stoker hujja ce mai kyau, na karɓa. Amma ku tuna ɗanta, Gordon Craig, bai ji daɗin buga wasiƙun ba, har ya fitar da nasa littafin a kan mahaifiyarsa a shekarar. Shi ya san gidan.

Anti Mai Karatu: 'Yarta Edith ma ta san gidan, kuma ita ta tsaya aka buga su. Ɗaki ɗaya, ra'ayi biyu. Kuma Gordon ya tashi ne a hannun Irving a Lyceum, yana girmama shi ƙwarai, dole zafin sukar da aka yi wa Irving ya taɓa shi.

Malamin Adabi: To, na sassauta, zan cire kalmar "duk". Amma sai wani ya nuna mini shekara ɗaya tsakanin 1895 da 1900 da Shaw bai nemi wani abu na sana'a a wajenta ba, sannan in janye sauran. Zan koma kan wasiƙun 1898 a daren nan.