Ƙanwarmu ce ta dace da Auta, amma Hajiya ta ce ba mai taɓa mata ɓargo

Baban Ummi, Tudun Jukun:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina cikin wani hali, don Allah wanda ya san abin nan ya faɗa mini gaskiya.

Autanmu shekararsa 23, yana ajin ƙarshe a jami'a. Tun damina ya fara zazzaɓin da ba ya jin magani, sau uku ana yi masa allurar maleriya a kemis. Wata asuba muna alwala na ga ya tofar da jini, dasashinsa sai tsiyaya yake, ga wasu baƙaƙen tabo a cinyarsa kamar an doke shi. Ranar muka tafi asibitin koyarwa na Shika. Aka ɗebi jini, daga baya aka ɗebi ɓargo ta ƙugu, sakamako ya nuna sankarar jini ce, irin wadda likitoci ke kira AML. An yi masa kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, zagaye biyu, gashinsa ya zube, ledar jinin da muka nema kuwa na daina ƙirgawa. Alhamdu lillahi yanzu ba a ganin cutar a gwaji. Sai dai likita ya ce irin tasa takan dawo, gara a yi masa dashen ɓargo tun tana kwance.

Mu huɗu ne uwa ɗaya uba ɗaya. An gwada mu, ni da Yaya ba mu dace ba, ƙanwarmu ce ta dace cif. Ita kuma an sa bikinta bayan salla. Ta ce ko yau a ɗiba, amma Hajiya ta kafe. Wata ta gaya mata wai laka ake zuƙewa a gadon baya, mutum ya shanye ko ya rasa haihuwa. Jiya tana kuka ta ce mini ɗaya na kwance, ba za ta miƙa na biyu da hannunta ba. Ban iya ce mata komai ba, don ni ma zuciyata ba ta natsu ba. Me ke samun wanda ya bayar?

Maman Hanif, ma'aikaciyar jinya:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Baban Ummi, ka fara raba wa Hajiya laka da ɓargo, nan ne aka rikita ta. Laka jijiya ce da ke cikin ƙashin baya, ba a zuwa kusa da ita. Ɓargo shi ne wanda muke tsotsa a ƙashin miya, a cikinsa jiki ke ƙera jini, kuma abin da aka ɗiba jiki na mayar da shi cikin 'yan makonni.

Yawanci ma yanzu ba a shiga ƙashi. Za a yi mata allura kullum na kwana huɗu zuwa biyar, wadda ke sa ƙwayoyin da ke haifar da jini su fito daga ɓargo su shiga jijiya. Sai a zaunar da ita a haɗa ta da na'ura, jini ya fita ta hannu ɗaya, na'urar ta tace abin da ake so, sauran ya koma mata ta ɗaya hannun. Awa huɗu zuwa shida ne, wani lokaci a ƙara washegari. Za ta ji ciwon ƙashi da ciwon kai kamar mai shirin mura, ya wuce bayan an daina allurar. Idan likitoci sun zaɓi ɗiba daga ƙashin ƙugu, to za a sa ta barci a ɗakin tiyata, ta yi kwanaki tana jin tsamin wurin. Babu ɗayansu da ke taɓa mahaifa. Abu ɗaya dai, ba a ɗibar na mai ciki, don haka ku zauna da dangin ango a kan lokaci, wannan maganar ta fi ta shanyewa muhimmanci. Wanda haihuwarsa ke cikin haɗari shi ne Auta, saboda ƙarfin kemon da ake yi kafin dashe. Ku tambayi likita batun adana maniyyinsa, kada kunya ta hana ku.

Kuma ku gode wa Allah. Tsakanin 'yan uwa shaƙiƙai, damar dacewa ɗaya ce cikin huɗu ga kowane mutum. Akwai gidajen da ake gwada mutum shida ba a samu ba.

Hajiyar Samaru:

Ɗana, na yi jinyar yarona a Indiya a kan wannan dashen, yayarsa ce ta ba shi, yanzu 'ya'yanta biyu. Ka karanta wa Hajiyarku wannan.

Ni abin da nake so ka shirya masa shi ne abin da ke biyo baya. Ranar dashen kanta ba ta da wani abin kallo. Na zaci tiyata za a yi, sai na ga an rataya 'yar leda kamar ta ƙarin jini, kafin la'asar an gama. Wahalar tana gaba. An riga an kashe ɓargonsa da kemo, sabon bai kama ba, jikinsa ba shi da garkuwa ko kaɗan. Kwana 17 muka yi muna jira. Bakinsa ya yi gyambo har maƙogwaro, ko yawu ba ya iya haɗiyewa, sai ya riƙa nuna mini kofi da ido in tara masa. Kullum da asuba nas za ta rubuta adadin fararen ƙwayoyin jininsa a wani allo jikin bango. Ni da ban yi boko mai zurfi ba na koyi karanta wannan lambar. Ranar da ta motsa, a nan ƙasan ɗakin na yi sujada da takunkumi a fuskata.

Bayan sallama ba su bar mu mun dawo ba sai da muka kusa cika kwana 100 a wani ɗakin haya kusa da asibiti. A nan ne ƙuraje suka feso masa a tafin hannu da wuya. Suka ce sabon jinin ne bai gane jikin ba yake faɗa da shi, yakan kuma zo da gudawa ko shawara. Da mun yi sakaci da maganin rage garkuwar da ake ba shi don kwantar da wannan faɗan ko na kwana biyu, Allah kaɗai ya san inda za a tsaya.

Da muka dawo Zariya kuma sai jarabawar 'yan dubiya. Ka san mu, a cika ɗaki, a yi musabaha, wannan ta kawo fura da nono, wancan ya kawo tsire. Na tsaya a ƙofa na hana, har ƙanwar mijina ta yi wata biyu ba ta gaishe ni. Ban ji daɗi ba, amma ban janye ba. Ruwa sai dafaffe, ko na rubutu ne. Abinci sai mai zafi daga tukunya, ba salak, ba kwanan miya. Gidan sauro kullum, lokacin hunturu a rufe tagogi saboda ƙura. Zazzaɓi ya kai 38 a ma'aunin zafin jiki, ko ƙarfe biyun dare ne sai asibiti, ba a jira gari ya waye. Daga baya har allurar rigakafin yara sai da aka sake yi masa daga farko. Ku zaɓi mai jinya ɗaya mai tsayayyar zuciya tun yanzu.

Malam na Wusasa:

Ni ma mai sankarar jini ne, amma tawa CML ce, ƙwayar imatinib nake sha kullum, wadda ake karɓowa a asibitin koyarwa na Ile-Ife, ban buƙaci dashe ba. Na faɗi haka ne don kada wani ya ce maka ga wane magani kawai yake sha. Cutar iri-iri ce, taku daban.

A ƙasar nan an fara dashen a asibitin koyarwa na Benin a 2011, Legas ma ta fara a nata asibitin koyarwa, LUTH, a 2024, amma masu sikila aka fi yi wa. Ka tambayi likitanku kai tsaye ina ne suka saba da AML. In waje ne, ya rubuta wa asibitin da kansa, kada ka bi ta hannun dillali. Ka nemi kuɗin a rubuce, har da haya, da abinci, da maganin shekara guda bayan dawowa, da abin da za a ƙara in cuta ta shiga. Ka kuma tambaye shi, ba a gaban Auta ba, hatsarin rasa rai a dashen da yiwuwar cutar ta dawo bayansa, domin duka biyun suna faruwa.

Baban Ummi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Bayan isha'i na karanta wa Hajiya amsoshinku. Da na zo wurin yayar da ta haifi biyu sai ta ce in maimaita. Ba ta ce ta yarda ba, amma ta ce za ta bi mu Shika ranar asibitinsa ta ji daga bakin likita, kuma a kira mata uwar ango su tafi tare. Hajiyar Samaru, don Allah Mama, mai jinyar dole sai mace? Matata na goyo, Hajiya na da hawan jini, ina tunanin ni zan ajiye shago in tafi da shi.