Wi-Fi ɗinmu na yankewa idan gida ya cika

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gidanmu a Jidda hawa 2 ne, rautar tana falon ƙasa. Intanet ɗin faiba ne, da rana lafiya lau. Amma bayan Isha'i, in kowa ya dawo, wayoyi da talabijin da kyamarar ƙofa sun kai 22, sai ya riƙa yankewa. Sama kuwa siginar 5GHz (mai sauri) ba ta ratsa simintin da ke tsakanin hawa biyun, ta 2.4GHz (mai nisan zango) kuma kamar kunkuru. Na sa abin ƙara sigina, saurin ma raguwa ya yi. Abin da ya fi damuna, Hajiya ba ta iya gama kiran bidiyo da jikokinta na Kano.

In sayi mesh ne (na'urorin Wi-Fi da ake rarrabawa a gida suna aiki tare), ko in ja waya zuwa sama in ƙara rauta ta biyu? Gidan haya ne, ba na son fasa bango. Don Allah wanda ya gwada ya taimaka min.