Gorata ta yi tsalle a Kornish: wane keji zan ɗaura wa keken nan?

Mai tambaya, daga Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Watan jiya na sayi keke na hannu a kasuwar gwanjo ta Harajin Sawarikh, ya zo da kejin gora (abin riƙe gorar ruwa a jikin keke) na alminiyam wanda ya sha jiki. Ranar Juma'a bayan asuba muna tafe a Kornish, titin bakin teku, mu huɗu, ban ankara ba na hau tudun nan na rage gudu da suke ce wa maɗab, sai ji na yi fau! Gora ta bar keke. Saura ƙiris abokina da ke bayana ya taka ta, Allah ne ya kiyaye, da yanzu wani labarin ake yi. Na leƙa shagon kekuna na tarar da keji kala-kala, na roba, na ƙarfe, na kabon (wani zare mara nauyi da ake ƙera kayan keke da shi), har kaina ya ɗaure. Keken ƙarami ne, ni ma ba dogo ba ne. Wanda ya taɓa shan irin wannan ya taimaka da shawara.

Baba mai gyaran keke, Hindawiyya:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin ka kashe ko halala ɗaya, zare gorar, ka sa hannu biyu ka matse bakin kejin ya shiga ciki kaɗan, sannan ka mayar da ita. Idan ka ji ta shiga da ɗan ƙyar, to ka gama. Kejin ƙarfe da na alminiyam suna buɗewa da tsufa, kuma suna karɓar gyara. Sai dai alminiyam ba ya son wasa: ka lanƙwasa yau, ka lanƙwasa gobe, wata rana zai ɓalle daga wurin walda.

Na biyu, wace irin gora ce a ciki? Tambayar da nake fara yi wa duk wanda ya kawo mini wannan kuka ke nan. Gorar keke ta asali faɗinta kusan milimita 74 ne, kuma akwai ɗan lotsawa kusa da wuyanta, nan ne harshen kejin yake kamawa. Idan gorarka sumul take daga sama har ƙasa, ko kejin zinariya ka saya za ta fice.

Batun ko zai hau kekenka kuwa, kada ya dame ka. Ramuka biyun da ke jikin firam, wato gangar jikin keke, milimita 64 ne tsakaninsu, sukurun kuma M5 ne, wato mai kaurin milimita 5, haka yake a kusan duk keken da ake ƙerawa yanzu. Abin da ke kashe mu a Jidda tsatsa ce. Iskar teku ga gishiri, ga gumin mahayi yana ɗiga, ga ruwan zaƙi da ke tsiyaya daga bakin gora. A yawancin kekunan alminiyam, ramin nan wani ɗan noti ne da aka dasa a jikin firam. In sukuru ya ci tsatsa ka murɗa da ƙarfi, sai notin ya kwance ya riƙa juyawa tare da shi, ba shiga ba fita. Na sha ɓata rabin yini a kan wannan ɗan abin. Ka shafa giris kaɗan a sukurun kafin ka ɗaura, ka ɗaure da yatsu uku a kan makullin, ba da damtse ba.

Mai tambaya:
Baba, ka kama ni. Gorar da na saya a shagon kayan gida ce, sumul take kamar kwalbar turare.

Baba mai gyaran keke:
To ka gani. Laifin ɓera ake ɗora wa mage.

Wani mahayi daga Riyad:
Abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, amma mu nan matsalarmu daban. Ba mu da gishirin teku, rana ce ke cin mu. A watan Yuli zafi yakan kai digiri 45, ni kuma a waje nake ajiye keke, ƙarƙashin matakala inda hantsi ke dukansa. Kejin roba mai arha da na fara sa wa bai rufa shekara ba ya yi fari-fari, rannan a Wadi Hanifa ina zaro gora sai hannunsa guda ya biyo ta, ƙaras, kamar busasshen kara. Ba duk roba ba ce haka. Na kamfanin Elite da nake amfani da shi yanzu, wanda aka cakuɗa robarsa da zaren gilashi, yana cikin shekara ta uku, ko gezau.

Shawarata ta gaske ita ce ka sa keji biyu. A ƙasar nan gora ɗaya ba ta kai mutum ko'ina. Ina ɗaukar biyu masu cin mililita 750, irin na CamelBak masu riƙe sanyi. Da daddare in cika ɗaya zuwa rabi in kwantar da ita a firiza, da asuba in ƙarasa cikawa. Kada ka cika ta fal ka daskarar, ƙanƙara za ta kumbura ta, ta ƙi shiga keji, ko ta shiga ta buɗe masa baki.

Ɗalibi a Madina:
Malamai, ni ba ɗan tsere ba ne, daga masauki zuwa aji ne sai bagala, wato kantin unguwa. Ruwan roba na mililita 600 nake saya, kuma siriri ne, a kejin da aka saba yana ta rawa kamar ɗan tsako a akurki. Na daɗe ina zura shi cikin tsohuwar safa, in jiƙa safar, sai ya zauna daram, iska kuma ta ɗan sanyaya ruwan, irin dabarar salka. Daga baya na samu Topeak Modula, wanda ake matse faɗinsa ko a buɗe daidai da gorar da ke hannunka. Ba shi da kyan gani, amma ya raba ni da safa.

Wata 'yar'uwa daga Jidda:
Yaya mai tambaya, kowa ya tsallake maganar da ka yi cewa kekenka ƙarami ne, kuma ni a nan na sha wuya. Firam ɗina ƙarami ne sosai. Na sayi keji mai kyau na gora mai shiga ta sama, na ɗaura, na zo sa gora sai murfinta ya tokare da sandar sama. Ta shiga da dabara, amma fitar da ita kana tafe sai ka karkata ka yi ta kokawa, keke yana tangaɗi. Mai shagon ya ƙi karɓa wai na riga na ɗaura.

Maganin shi ne keji mai buɗewa ta gefe, kamar Zee na Specialized. Gorar tana fita ta gefe, ba ta buƙatar sarari a sama. Amma ka lura, akwai na dama akwai na hagu. Ka fara sanin hannun da kake sakin kan keke da shi in za ka sha ruwa. Sannan idan biyu za ka sa, na sandar da ke ƙarƙashin sirdi yana fuskantar na sandar ƙasa ne, don haka sai ka sayi kishiyarsa kafin duka biyun su buɗe ta gefe guda. Ni ban sani ba sai da na sayi iri ɗaya guda biyu, yanzu ɗaya da dama nake ɗauka, ɗaya da hagu. Kuma ka tafi shagon da kekenka da gorarka, a gwada a gabanka.

Wani daga Ɗa'ifa:
Bari in tona wa kaina asiri kan kabon. Na ga masu tsere suna sa shi, na yi oda ta intanet, mai arha, ba suna ba adireshi. Nauyinsa bai wuce giram 20 da ɗoriya ba, na riƙa nuna wa mutane a tafin hannu. Sati na biyu, ina gangarowa a wata hanya mai gargada, gora cike ta yi tsalle ta gangara kwazazzabo, ina kallo birai suna kallona. Da na zauna na yi lissafi, bambancinsa da na roba mai kyau bai fi giram 20 ba, alhali ruwan da ke cikin gorar kaɗai giram 750 ne. Kurɓa biyu ka shanye bambancin. Kabon na kirki yana riƙo, ba na musu, amma kuɗinsa ya isa ka sayi na roba uku, kuma in ya saki ba a matse shi yadda Baba ya ce, tsagewa yake yi.

Wani daga Shara Mansur, Makka:
Ni dai dariya nake yi. A Kano alminiyam goran ruwa muke ce masa. Ashe kejin goran ruwa ne ya kasa riƙe gorar ruwa. Wani abu kuma, yana baƙanta farar gora, sai ka ga zane-zane kamar an goga mata gawayi.

Baba mai gyaran keke:
Shi ya sa a nawa keken kejin ƙarfe mara tsatsa na sa. Ba ya baƙanta gora, gishiri ba ya cin sa, in ya buɗe in matse. Ya girmi wasu daga cikinku.

Mai tambaya:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan isha'i na tura keken har shago kamar yadda 'yar'uwa ta ce. Na sayi gorar keke ta asali guda biyu da keji ɗaya mai buɗewa ta dama, na ɗaura a sandar ƙasa. Tsohon na alminiyam na matse shi na mayar ƙarƙashin sirdi, gora mai mililita 500 ce kawai ta shiga wurin, babbar ta tokare. Yau da safe na koma kan maɗab ɗin da gangan, sau uku, ba wadda ta motsa. Sai dai Baba, sukuru ɗaya na ƙasa ya fara juyawa tare da notinsa tun ina kwancewa. Ƙarfe nawa kake buɗe shago ranar Asabar?