Ciwon shawara a jarirai: rana ta isa, ko sai mun sayi fitila?

Sakataren Kwamiti, yankin Ringim

Assalamu alaikum. Kwamitin asibitin mazaɓarmu ya tara 'yan kuɗi, an kuma kasa daidaitawa a kan inda za a zuba su. Ungozomarmu tana so a sayi fitilar da ake kunna wa jarirai masu shawara. Dattawa sun ce asarar kuɗi ce, ga rana Allah ya hore mana, a riƙa fito da yaro da hantsi. Wani kuma ya ce ya ji an yi wata rumfa a Legas mai tace hasken rana. Wutar gwamnati ba ta zuwa mana, solar da muke da ita ta firjin rigakafi ce. Masana, wanne ya fi, kuma ina kuɗin yake tafiya da gaske?

Sista, ɗakin jarirai

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Dattawa sun yi gaskiya cewa haske yana rage shawara, amma shanya jariri a tsakar gida ba magani ba ne, kuma bai kamata ma'aikacin lafiya ya ce a yi ba.

Jariri yana zuwa da jajayen ƙwayoyin jini masu yawa, suna fashewa da sauri a kwanakin farko, abin da ke fita daga cikinsu shi ne bilirubin, sinadarin da ke sa fata ta yi rawaya, ga hanta ba ta yi ƙwarin da za ta kwashe shi ba. Kusan 6 cikin 10 na jariran da suka cika watanninsu suna yin rawaya a makon farko, bakwaini kuwa kusan 8 cikin 10. Yawanci yana wucewa da kansa. Wanda ya hau sosai shi ne yake shiga ƙwaƙwalwa, ɓarnarsa kuma ba ta gyaruwa: kurumta, sanƙarewar gaɓɓai, yaro ya girma ba zama ba tafiya, ko a rasa shi.

Haske yana aiki ne a fatar da ya taɓa, kuma sai an yi awanni masu yawa a jere. Yaron da aka fito da shi minti 15 cikin riga da hula da zani, fuskarsa kaɗai ta ga rana. In kuma an tuɓe shi, a bazara zafi yana haura digiri 40, jikinsa zai ɗauki zafi, ruwan jikinsa ya ƙafe, fata ta ƙone. Da hunturu sanyi ne zai kama shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kwana biyu ko uku da ake ɓatawa ana jiran rana ta yi aiki, alhali shawarar tana kai ƙololuwarta tsakanin kwana na 3 da na 5, tun kafin suna.

Ɗakin mai jego duhu gare shi, ba a ganin komai a ciki. A kawo yaro bakin ƙofa da rana, a danna yatsa a kan hancinsa ko goshinsa, a ɗaga, a dubi launin wurin kafin jini ya dawo. A duba dasashi da farin ido. Rawayar daga fuska take farawa, ta gangaro ƙirji, ciki, ƙafafu. In ta bayyana a ranar haihuwa, ko ta kai tafin hannu da tafin ƙafa, ko yaron bakwaini ne, babu jira. Haka in ya ƙi kama nono, ko barci ya yi masa yawa, ko yana kuka mai tsini yana banƙarewa, ko akwai zazzaɓi. Wadda ta wuce mako biyu, kashi ya yi fari-fari, fitsari ya yi duhu, wannan ba ta fitila ba ce, ana zargin toshewar hanyar maɗaciya, aikinta kuma ya fi nasara kafin yaro ya kai wata biyu.

A cire kafur daga akwatin kayan jariri, a daina shafa masa man zafi a cibiya, kada lalle ya taɓa shi. Yara da yawa a ƙasar nan, musamman maza, ana haifar su da ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, waɗannan abubuwa kuma suna fasa musu jini farat ɗaya. Nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare, har da dakashi, domin shi ke tura baƙin kashin farko waje. Ban da ɗauri, ban da jiƙo, ban da ruwan gulukos.

Likitan Yara, Kano

Sista ta gama magana a kan gida. Batun rumfar Legas gaskiya ne, amma a ji sharuɗɗanta.

Asalin maganin ma daga rana ya fito. A 1956, a asibitin Rochford na Ingila, wata nas mai suna Jean Ward ta lura cewa bakwainin da take fitarwa waje, fatar da rana ta taɓa ta washe, wurin da zani ya rufe yana nan da rawayarsa. A 1958 Dakta Richard Cremer da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajinsu da fitila. Ɓangaren hasken da ke aikin shi ne shuɗi, mai tsawon zango nanomita 460 zuwa 490. Yana sauya siffar bilirubin a fata yadda zai fita ta kashi da fitsari ba sai hanta ta sarrafa shi ba. Rana tana da wannan shuɗin da yawa, sai dai tana haɗo shi da hasken da ke ƙona fata da kuma zafi.

A binciken da aka wallafa a 2015, wanda Tina Slusher da Bolajoko Olusanya da abokansu suka yi a asibitin haihuwa na Island Maternity a Legas, an rufa rumfa da ledar gilashi ta musamman mai tare hasken ƙuna kusan duka, ta rage zafi, ta bar shuɗin ya wuce. Jarirai 447 aka raba gida biyu. Rumfar ta yi aiki a kashi 93 cikin 100 na ranakun jinya, fitila a kashi 90. Matsakaicin ƙarfin haske a rumfa 40 ne, na fitilun da aka kwatanta da su 17. Amma duka yaran masu shawara ce mai sauƙi ko matsakaiciya, ba ƙananan bakwaini ba, ana auna bilirubin ɗinsu, ana duba zafin jikinsu kowace awa. Da hakan ma, zafin jiki ya haura digiri 38 a kashi 5 na 'yan rumfa, kashi 1 na 'yan fitila. Wannan a Legas ke nan, ba Ringim a watan Afrilu ba. Da magariba kuma rumfa ta tashi aiki, shawara ba ta tashi ba. Ledar baƙin gilashin mota ta kasuwa ba za ta maye gurbin waccan ba, domin ba wanda ya auna abin da take tarewa da wanda take bari.

A ganina, ko rumfa ko fitila, ba a riƙe yaro a inda ba a iya auna bilirubin. Ido yana gane akwai shawara, ba ya gane yawanta. A jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya, lafiyayyen jariri mai cikakkun watanni yana shiga fitila in bilirubin ɗinsa ya kai miligiram 15 a kowane desilita na jini a kwana na 2, ko 18 daga kwana na 3. Bakwaini da marar lafiya suna shiga tun ƙasa da haka. In ya kai wajen 25, ko alamun ƙwaƙwalwa sun fara, ana maganar canjin jini: ta jijiyar cibiya ake zuƙe nasa kaɗan-kaɗan ana mayar da sabo, mililita 160 ga kowane kilo. Yaro mai kilo 3 zai ci mililita 480, kusan leda guda ta sabon jini da ya dace da nasa da na uwarsa. Wannan aikin manyan asibitoci ne irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Injiniya mai gyaran kayan asibiti, Dutse

Ranka ya daɗe Likita, ƙarin bayani a kan lambar 17 ɗin nan, domin a nan kuɗin mutane yake nutsewa. Ƙarfin fitila ana auna shi da maikirowat a kan murabba'in santimita a kowane nanomita. Jinya mai ƙarfi tana son 30 ko fiye. Fitila tana iya ci shuɗi shar a ido, a ɗora ma'auni a ga ba ta kai 10 ba. Yaro ya kwana uku a ƙarƙashinta, an biya gado, shawara tana hawa.

Dalilan sanannu ne. Dogon ƙwai yana rage ƙarfi tun kafin ya mutu, shi ya sa ake rubuta awannin aikinsa a canza shi bayan awa 1,000 zuwa 2,000, gwargwadon abin da kamfaninsa ya ce. In ya ƙare, sai a sa farin ƙwai na shago ko a shafa masa shuɗin fenti, fenti kuwa rage haske yake yi. Ƙwan da ya dace yana ɗauke da lamba irin TL 20W/52 ko F20T12/BB. Mai B guda ɗaya shuɗin ado ne, ƙarfinsa bai kai ba. Sai nisa: an rataye fitila can sama don nas ta ji daɗin aiki. Dogon ƙwai ana iya sauko da shi har santimita 10 zuwa 15 daga jikin yaro mai cikakkun watanni, LED a bi tazarar da takardarta ta faɗa, mai ƙwan halojin kuwa ba a matso da ita, tana ƙuna. Ƙurar hunturu a kan murfin gilashi ma tana cin haske, a goge kullum. Farin ƙyalle da aka kewaye gadon da shi yana mayar da haske jikin yaro, kuma bai kai kuɗin komai ba.

In za ku saya, LED za ku saya. Ƙwayayenta suna yin dubun-dubatar awanni, ba ta zafi sosai, ba ta shan wuta. Mu ɗauka mai wat 40 ce. A awa 24 za ta ci wat-awa 960, da asarar waya da inbata a ce 1,200. Awa 14 na rashin rana suna son wajen 700 daga batir. Batirin ruwa mai bolt 12, amfiya-awa 200, yana ɗaukar 2,400, amma rabi kaɗai ake sha in ana so ya daɗe, wato 1,200, ya isa. Faranti biyu masu wat 200, a awa 5 na rana mai ƙarfi, 2,000 ke nan a takarda, a cire rubu'i saboda ƙura da zafi, saura 1,500. Mai dogon ƙwai shida tana cin wat 120, kun ga komai ya ninka uku. Kada a taɓa solar firjin rigakafi, kada kuma a bari a mayar da batirin fitila wurin cajin waya, shi ke kashe shi cikin 'yan watanni. Janareta mai hawa da sauka tana ƙona allon wutar LED, a sa mata abin daidaita wuta. Kafin a biya, mai sayarwa ya auna ƙarfinta a gabanku, a tsayin katifa, a tsakiya da gefe-gefe.

Akawun Asibiti, Gaya

Malam Sakatare, a lissafin iyali kuɗin fitila shi ne ƙarami. Abin da ke karya magidanci shi ne mota ta dare, gwajin jini da ake maimaitawa, gado, abincin mai jinya, da gonar da aka bari a tsakiyar damina. Yaron da aka gano a kwana na 3 yakan yi kwana biyu ko uku a fitila ya koma gida. Wanda aka kawo a kwana na 6 yana banƙarewa, ga neman jini, ga allurai, ga mako guda ko fiye a birni, sannan wataƙila ɗawainiyar shekaru. Don haka ban ga laifin dattawa ba da suke tsoron kashe kuɗi, wurin da suke neman sauƙin ne ba nan ba.

Da ni ne, kason farko na ziyarar gida ne a kwana na 1 da na 3, da koya wa ungozomomin gargajiya danna hanci. Na biyu asusun mota, a ajiye kuɗin mai a hannun direba biyu da aka sani, a biya daga baya. Fitila da solarta su zo na uku, tare da ma'aunin bilirubin, a kuma ware na canjin batir tun yanzu. Ku bincika ko asibitinku yana cikin masu karɓar Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa, ku kuma tura masu ciki su yi rajista da hukumar inshorar lafiya ta jiha, JICHMA a Jigawa ko KSCHMA a Kano, tun kafin haihuwa.

Sakataren Kwamiti, yankin Ringim

Allah ya saka da alheri. Ma'aikatanmu biyu ne, babu mai kwana, babu kuma wurin gwajin. A haka ma mu saya?

Sista, ɗakin jarirai

A haka kada ku saya tukuna, Malam. Yaron da ke fitila sai da mai tsaro dare da rana: a rufe idonsa da ƙyalle mai kauri, a tabbatar bai zame ya toshe hanci ba, a bar shi da ɗan ƙaramin kunzugu kawai, ba mai a fatarsa, a auna zafin jiki kowace awa 3 ko 4, a ɗauke shi shan nono na kamar minti 30 a mayar, a ƙirga fitsarinsa. Babu mai kwana, babu wannan.

Ku ƙarfafa turawa. Ku samu lambar wayar ɗakin jarirai na asibiti mafi kusa, a kira a tabbatar fitilarsu tana aiki kuma akwai gado kafin mota ta tashi. A takardar turawa a rubuta rana da lokacin haihuwa, nauyi, watannin cikin, ranar da aka fara ganin rawayar da inda ta kai, rukunin jinin uwa in an sani, da duk abin da aka ba yaron ko aka shafa masa. Uwar ta tafi tare da shi, domin za a ɗebi jininta, a hanya kuma ta rungume shi a ƙirji fata da fata tana ba shi nono. In ta kai tafin ƙafa, 'yan'uwa biyu masu lafiya da za su iya ba da jini su shiga motar nan take.