Ya kuka yi da bikin waƙa a watan hana kiɗa?

Malamin Kwaya: Salama a gare ku 'yan'uwa. Tambaya nake da ita ga masu waƙa a cocin Lutheran nan Ankara, wato Accra ta Ghana. Kwamitinmu ya sa ranar bikin waƙoƙi daidai Fentikos, ba wanda ya tuna cewa ya faɗo cikin wata ɗayan nan da sarakunan ƙabilar Ga suke hana kiɗa da hayaniya kafin bikinsu na girbi, Homowo, daga Mayu zuwa Yuni. Mun riga mun gayyaci kwaya biyu, wato ƙungiyoyin mawaƙan coci. Wanda ya taɓa shiga wannan halin ya faɗa mana yadda ya fita.

Maman Biyu, Nima: Kai malam ka tuna min. Shekarar da na zo daga Numan ban san da wannan doka ba, can gida a LCCN, cocinmu na Lutheran a Najeriya, Zumuntar Mata in ba tulu da caki ai ba a fara waƙa ba, to ranar Lahadi na ɗauko tuluna na naɗe shi cikin zani na shiga trotro, motar haya, har coci, ina zama na fara bugawa a hankali sai wata dattijuwa ta dafa min hannu tace 'yata ba yanzu ba, ko tafi ba a yi. Kunya kamar ƙasa ta tsage. Tulun ya yi sati huɗu a ƙarƙashin benci, sai da aka buɗe kiɗa na ɗauko abina.

Ɗan Bawku: Mu ɗagawa muka yi kawai, muka kai shi 31 ga Oktoba ranar tunawa da gyaran coci da Martin Luther ya fara a 1517. Amma kuɗin hayar kanofi da kujeru bai dawo ba, har yau ma'aji yana mita.

Mai Fiyano: Ni dai malam kar ku ɗaga. Mu mun yi namu cikin coci, muka cire lasifikan waje, ba ganga ba jita, ni kaina aka ce in zauna. A gwajin farko asiri ya tonu, ashe 'yan alto ɗinmu shekara da shekaru fiyanona suke bi, da na yi shiru duk suka gangara cikin soprano, 'yan bes kuma kowa da hanyarsa. Sati uku muna raba su kusurwa kusurwa, ni sai dai in ba da muryar farko da baki in koma gefe. Ranar bikin muka rufe da waƙar Luther ɗin nan ta Zabura 46, da Turanci, da Twi, baiti na ƙarshe da Hausa. Wani baba a bencin gaba ya ce min tunda yake zuwa cocin ranar ya fara jin kalmomin. Ban san ko yabo ne ko zagin fiyanona ba.

Maman Biyu, Nima: Zagi ne ɗana, ka cika ƙara 😂

Malamin Kwaya: Na gode. Zan kai wa Fasto maganar bayan sujada. Mai Fiyano, Alhamis ƙarfe shida muke gwaji, ka zo ka ji min 'yan tena, su nake tsoro.