Neman kalma: me za mu kira greenwashing da Hausa?

Rabi'atu: Assalamu alaikum malamai. Gobe da safe ina da shiri a rediyo kan kamfanonin da ke tallata kansu a matsayin masu kishin muhalli alhali sana'arsu ce ke gurɓata shi. Turawa na kiran wannan ɗabi'a greenwashing. Zan fara da hukuncin da wata kotu a Amsterdam ta yanke a watan Maris na 2024, inda ta ce tallace-tallacen kamfanin jiragen sama na KLM sun ruɗi jama'a game da illar tafiya a jirgi. Kalmar za ta yi ta fitowa, ba zan iya tsayawa dogon bayani kowane lokaci ba. Ƙarfe goma na dare zan miƙa rubutun. A taimaka.

Sani: Yaudarar muhalli.

Malam Habu: Wa aka yaudara, muhallin? Sani, sake duba ginin. In dai nan za a bi, sai a ce yaudara da sunan muhalli.

Ɗanjuma: Duk wannan jimla ce, ita kuwa kalma take nema. Ni na daɗe ina amfani da tsanwantawa, daga tsanwa, wato green ɗin da ke cikin kalmar Turancin. Yadda muka ce zamanantarwa da siyasantarwa. Kamfanin ya tsanwanta kansa, sun tsanwanta tallarsu. Tana shiga kowace jimla ba tare da wahala ba.

Sani: Mai sauraro zai ɗauka fenti aka yi wa ofishin. A wajenmu launin kore ba ya nufin muhalli.

Ɗanjuma: A Turancin ma ba da ita aka haife su ba. Wani Ba'amurke mai suna Jay Westerveld ne ya ƙirƙiro ta a 1986, da ya ga otal-otal na roƙon baƙi su maimaita amfani da tawul don ceton duniya, alhali kuɗin wanki suke ragewa. Mutum ɗaya ya faɗa, duniya ta ɗauka. Faransawa suka ƙera tasu, écoblanchiment. Mu ne kullum muke jin tsoron ƙirƙira.

Malam Habu: Ɗanjuma, ba tsoro ba ne. Hausa ba ta rasa sunan wannan hali ba: angulu da kan zabo. Abin da ke ɓata mini rai shi ne 'yan jaridar yanzu ba sa buɗe taskar harshen, sai dai su ɗauko tunanin Bature su sa masa harufan Hausa. Na ji an ce "tattaunawar teburi mai zagaye" a iska, da kunnena.

Rabi'atu: Baba Malam, a yi mana adalci. Mu ne muke fassara labari cikin minti kaɗan, ku kuma a jami'a kuna da shekara guda. Ƙamus ɗin kalmomin sauyin yanayi da za mu duba, ina yake? Da kun ba mu, da ba na nan ina roƙo.

Malam Habu: 'Yata, aikin da aka yi yana nan a ɗakunan karatu, ba ku zuwa ne.

Ɗanjuma: Kalmar da ke kulle a ɗakin karatu ba ta da amfani ga mai shiri gobe.

Barista Hadiza: Ku bar rigimar jami'a da gidan rediyo tukuna, akwai abin da ya fi ta. Rabi'atu, ki yi hattara da kalmar yaudara, ki kuma nisanci kalmar zamba, domin zargin laifi ne kuma za a iya kai ki ƙara. Abubuwa biyu ake haɗawa a nan. A 2015 an kama Volkswagen ya sa wa motocin dizal kimanin miliyan 11 manhajar da ke rage hayaƙi a lokacin gwaji kawai. Wannan ha'inci ne tsagwaronsa, kuma nan karin maganar Malam ya zauna daidai. Amma dubi bankin HSBC. A watan Oktoba na 2022 hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta haramta tallansa biyu, ɗaya kan dashen itatuwa. Ba ta ce dashen ƙarya ne ba. Laifin shi ne bankin ya yi shiru kan kuɗin da yake zubawa a harkokin da ke fitar da hayaƙi mai ɗumama duniya. Yawancin abin da ake rigima a kai irin na biyun ne: a faɗi ƙaramar gaskiya da ƙarfi don ta rufe babbar ɓarna. Kalmar da za ki zaɓa dole ta ɗauki wannan. Ni zan ce fakewa da kare muhalli.

Sani: Wannan ta shige ni. Kamfanin ya fake da kare muhalli. Kuma ta warware mana sportswashing, zargin da aka yi wa Qatar lokacin gasar cin kofin duniya ta 2022: fakewa da wasanni.

Ɗanjuma: Kalma huɗu ce fa, Barista. Ta yaya za ta shiga kanun labarai? Kuma mai aikatawar me za a kira shi?

Barista Hadiza: Mai fakewa da muhalli. A kanu a jefar da "kare".

Malam Habu: Hausa ce ingantacciya, ban musa ba. Sai dai ta yi sanyi, ba ta da zafin da irin wannan hali ya cancanta. A yi amfani da ita kafin a samu wadda ta fi ta.

Rabi'atu: Na gode ƙwarai. Zan ambaci ta Turancin sau ɗaya a farko, in bi ta da fakewa da kare muhalli har ƙarshen shirin. Angulu da kan zabo zai shiga wajen labarin Volkswagen kawai.

Ɗanjuma: To Yaya Rabi, ko sau ɗaya ki gwada tsanwantawa ki ji abin da masu bugo waya za su ce. Ni dai a rubuce-rubucena ita zan ci gaba da sawa.