Jama'a a taya ni neman suna: "haƙƙin kogi" ya yi ko bai yi ba?

Kwana uku kenan ina fama da wata kalma da masu binciken kifi da koguna ke yawan faɗa, wai environmental flow. Abin da suke nufi shi ne ruwan da dole a riƙa bar wa kogi bayan an yi masa dam, domin kifi da fadama da mutanen da ke ci daga jikinsu su rayu. A taron masana koguna da aka yi a Brisbane ta Ostireliya a 2007 abu uku suka ɗaure maganar a kai, yawan ruwan, lokacin da zai zo, da kuma tsaftarsa.

Wani ya ce min kawai in rubuta "kwararar muhalli". Don Allah wa zai gane wannan? Ka je bakin kogi a Hadeja ka faɗa wa masunci haka, kallonka kawai zai yi ya ci gaba da gyaran komarsa.

Na so in ce "sakin ruwa" sai na tuna a wajenmu in aka ce an sako ruwa daga dam ɗin Tiga to gaban kowa faɗuwa yake, ambaliya ake nufi, gona ta tafi. Kalmar ta riga ta yi baƙin jini.

Kuma wallahi lokacin zuwan ruwan nan shi ne zuciyar maganar, shi ya sa "rabon kogi" da "kason kogi" duk ba su kwanta min ba, su awo kaɗai suke nunawa. Kawuna masunci ne, tun ina yaro nake ji yana cewa kifi ba a cikin kogi yake haihuwa ba, jira yake ruwan damina ya cika ya haura gaɓa ya malale fadama, sannan tarwaɗa da karfasa su bi sabon ruwan su shiga cikin ciyawa su zuba ƙwai, 'ya'yan su yi ta kiwo a ɗan ruwan da bai kai gwiwa ba inda manyan kifi ba sa iya binsu, in kaka ta yi ruwa ya fara janyewa su biyo shi su dawo da ƙibarsu. Kifin bargi ma har sheƙa yake yi da ciyawa, na taɓa ganinta da idona, zagayayya kamar faifai a tsakiyar ruwa.

To tun da aka gama Tiga a 1974, aka ƙara da dam ɗin Challawa a 1992, wannan cika da janyewa ta kogin Hadeja ta rikice. Cikar damina ta ragu, da rani kuma da ya kamata wasu wurare su bushe ƙayau sai ga ruwa yana ta tsiyaya ba yankewa. Abin da ciyawar kachalla ke so kenan. Ta toshe hanyoyin ruwa a yankin Hadeja zuwa Nguru, kwalekwale ba ya ratsawa, ba wurin jefa birgi, ga tsuntsun jan baki ya samu wurin kwana yana fita yana cinye shinkafar mutane. Kun ga a nan ruwa akwai shi, ba a lokacinsa yake zuwa ba ne.

Shi ya sa na tsaya a kan "haƙƙin kogi". Haƙƙi a Hausa yana da gwargwado yana da lokaci, wanda ya biya lebura bayan wata uku kowa ya san ya ci haƙƙinsa ko da bai rage masa sisi ba. Kuma kalmar tana shiga baki, za ka iya cewa "dam ɗin nan ya danne haƙƙin kogi" ko "bana an ba kogi haƙƙinsa a watan takwas", tsohuwa mai ƙyafa kifi a Gashuwa ba ta buƙatar tafinta.

Wani malamina ya ja ni, ya ce haƙƙi na mai rai ne, kogi kuwa ba shi da rai. Na ce Allah ya gafarta malam ai kifin da ke ciki da masuncin da makiyayin da ke jiran burgu ya tsiro duk masu rai ne, sunan kogin ne kawai ya tattara su. Afirka ta Kudu ma tun 1998 dokar ruwanta ta ce sai an fara ware wa mutane na sha da na kogin kansa kafin a raba sauran.

Inda na maƙale shi ne tsaftar ruwan, ban ji kalmar ta ɗauko ta sosai ba. Sarkawan Yawuri da mutanen Argungu da ke nan, me dattawanku ke kiran sabon ruwan nan ja da ke fara zuwa kifi ya bi shi?